Birkila a Cikin Katako

A unguwarsu babu mai kiransa da sunansa. Manya suna ce masa Birkila, leburori kuwa in ya juya baya Bai-Yi-Ba suke ce masa, don a shekara arba'in da 'yan kai da ya yi yana gini ba a taɓa yin kwaɓi a gabansa ya yaba ba. Zai zo ya tsaya a kai, ya sa bakin cokalin gini ya ɗan yanko, ya karkata ya ga yadda zai zame, sannan ya taɓe baki. In ba ruwa ne ya yi yawa ba, to yashin ne da ƙasa a ciki. In yashin ya fita tas, to mai juya cebur ɗin ne ya fito bai karya ba. Wani lebura ya rantse cewa ya taɓa ɗebo kwaɓin da Birkila ya gama yi da hannunsa, ya zagayo da shi ta bayan gini ya ce nasa ne, mutumin ya duba ya ce bai yi ba.

Amma gaskiya a faɗe ta, ya iya aikinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, siminti ya cinye zanen yatsunsa har sai da na'urar ofishin katin shaida ta gaji da shi aka sallame shi haka nan. Ginin da ya yi ba ya tsagewa. Matsalarsa ɗaya, bai san inda aiki yake ƙarewa zaman duniya ya fara ba. Ko dubiya ya je gidan mutane sai ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya girgiza kai, mai jinya na kwance yana kallonsa. Tun da daɗewa matarsa ta daina fita unguwa tare da shi.

Doka ɗaya ce ya riƙe da hannu biyu, ita ce dokar zubi. Duk abin da aka kwaɓa aka zuba, a wurinsa, abu uku yake so: katakon da zai tallafe shi, ruwa safe da yamma, da kwana ashirin da ɗaya ba a ɗora masa nauyi ba. Ba kuma da ka ya ɗauko ta ba. Yana saurayi wani ɗan kwangila mai gaggawa ya sa suka cire katakon dekin, wato rufin siminti na bene, a kwana na tara. Suka cire, suka fita cin abinci, ko hannu ba su gama wankewa ba suka ji rugugi. Ba wanda ya mutu, amma da ƙura ta lafa ya ga baron da ya bari daidai inda yake tsaye ya zama faranti. Daga ranar, ko mai gini zai yi kuka da hawaye, Birkila ba ya rage kwana ɗaya.

To wannan mutumin, wanda ya sha hawa bene hawa huɗu da kwano a ka bai taɓa ko gurɗewa ba, a tsakar gidansa ya karye. Ya sunkuya ne zai janyo takalminsa da ya shige ƙarƙashin benci, sai ya ji ƙas a tsakiyar baya, ya tsaya nan a sunkuye kamar mai neman allura. Wannan ya ƙona masa rai fiye da ciwon. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce masa daga tsani ya zamo, matarsa kuma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi.

Mako biyu yana fama, ba zama ba tsayuwa, kafin autarsa, wadda malamar makaranta ce kuma ita kaɗai ke iya ɗaga masa murya a gidan, ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitar ƙashin mace ce, ba ta kai autar a shekaru ba, abin da Birkila ya lura da shi tun kafin ya zauna. Ta ɗora hoton bayansa a kan haske ta nuna masa ƙasusuwan a jere, ɗaya kan ɗaya.

"Wannan na tsakiyan ka gan shi, Baba? Ya lotsa. Shekaru ne suka sa cikinsa ya yi ramuka, ya kasa ɗaukar nauyi."

Birkila ya matso da ido. Wannan yaren ya gane shi, bulo ne guda ya burma a tsakiyar jeri. Abin da bai ji daɗinsa ba shi ne a ce bulon nasa ne.

Ta ce ba yanka za a yi ba. Allura za a zura har cikin ƙashin, a tura wani haɗi da zai cike ramukan ya daskare a ciki, ya riƙe wurin. Ta ƙara da cewa haɗin ba shi da dangantaka da abin da yake aiki da shi, dangin roba ne, kuma kafin rubu'in awa ya zama dutse. Birkila ya gyaɗa kai. Shi ba wawa ba ne, ya san ba daga buhu za a ɗebo ba. Amma ya ji an ce haɗi, an ce a tura a rami, an ce ya daskare, kuma duk duniya babu wanda zai koya masa abin da ke biyo bayan wannan.

Ranar aikin aka kwantar da shi rub da ciki, aka kashe masa wurin, aka janyo wata na'ura a kansa wadda ke nuna wa likita inda allurar take. Da ya yi shiru da an gama lafiya. Sai dai ya juya kai, idonsa ya faɗa kan ma'aikacin jinya yana zuba wani farin gari a ɗan kwano, ya tsiyaya wani ruwa mai hawa kai, ya kama juyawa.

"Kai, nawa da nawa ka zuba?"

"A aune yake zuwa, Baba."

"Wa ya auna?"

"Kamfanin da ya yi shi."

"Ka gan su lokacin da suke aunawa? Juya daga ƙasa mana, ga gari can ya maƙale a gefe!"

"Baba, don Allah kar ka motsa," in ji likita, "allura na cikin bayanka."

Da aka gama, don ta kwantar masa da hankali, likita ta ɗauko ragowar haɗin da ya daskare a kwanon ta sa masa a hannu. Nan ta yi kuskure, ba ta sani ba. Ya ƙwanƙwasa shi a ƙarfen gado, ya yi ƙara kamar tsakuwa. Ya matsa da farce, bai shiga ba. Amma ya ji shi da ɗumi, kuma kowane birkila ya san zubin da ke da ɗumi bai gama aikinsa ba, ruwa yake nema. Saurin kamawar ma bai burge shi ba, ya sha ganin zubin da samansa ya yi tauri cikinsa na nan ɗanye.

Bayan awa biyu likita ta ce ya tashi. Ya tashi. Ta ce ya taka zuwa ƙofa, ya taka, ya dawo, babu ciwo ko na sisin kwabo. Auta ta fashe da kukan murna. Shi kuwa gumi ne ya keto masa, don ji ya yi yana tafiya a kan dekin ɗin da aka zuba da safe.

Likita ta zaunar da su ta yi magana dalla-dalla. "Kar ka ɗauki kaya mai nauyi. Amma ka yi tafiya kullum, tun daga yau. Ka ji ni da kyau, Baba, bayanka ya gyaru, ƙafafunka nake ji wa tsoro. A shekarunka gado cin ƙafa yake yi. Abin da kwanciyar mako ɗaya za ta ɗauke, wata guda ba ya dawo da shi. Na ga waɗanda suka kwanta ba su sake tashi ba."

"To, 'yata, Allah ya yi albarka," in ji Birkila, da muryar da yake amsa wa injiniyoyi idan ya riga ya yanke abin da zai yi.

Suna isa gida ya aika a kira masa Kafinta, abokinsa na shekara talatin, wanda tun haɗuwarsu duk katakon zubin da ya yi shi ya buga masa. Kafinta dogo ne marar musu, irin mutanen da in ka ce su yi wa kaza ƙofa sai dai su tambaye ka ta ina za ta buɗe. Ya zo da tef da fensir a bayan kunne, ya auna abokinsa daga hammata zuwa ƙugu, ya rubuta a tafin hannu. Kafin la'asar an ɗauke katifa, an shimfiɗa falanki, Birkila ya kwanta rub da ciki, don a haka aka yi zubin, a haka kuma zai kama. Aka kafa masa katako biyu dama da hagu, aka tokare su da 'yan sanduna, aka buga ƙusa.

"Ya matse ka?" in ji Kafinta.

"Ƙara ɗan matsawa ta hagu. In ya samu wurin buɗewa ciki zai yi."

Saura ruwa. Ya so a samo buhu a jiƙa, matarsa ta ce in dai ita za ta yi, to da tawul za ta yi, buhu ba zai hau mata gado ba. A nan kaɗai ya sassauta. Safe da yamma ta jiƙa tawul ta shimfiɗa masa a baya, in ya fara bushewa ta yayyafa da buta. Abinci kuwa a ƙasa ake ajiye masa, ya leƙo da kai ta bakin gado ya ci. Sauran lalurar da ba a faɗa, baiwar Allah ita ta san yadda ta yi da ita. Ya sa aka ba shi alli, kowace safiya ya ja layi ɗaya a daɓen da ke ƙasan hancinsa.

Da Auta ta dawo daga makaranta washegari ta tarar da ubanta a cikin akwati, jakarta ce ta fara faɗuwa.

"Baba, mene ne wannan? Ba a gabana likita ta ce ka yi tafiya ba?"

"Ta faɗa."

"To?"

"Ke, yarinyar nan ta iya allura, ban hana ta ba. Amma ta taɓa zuba dekin? Ita nata ya ƙare da ta tura. Abin da ya rage fannina ne."

"Ƙafafunka fa?"

"Ƙafa ba ta cikin aikin."

Ta kira likita a waya ta kanga masa a kunne. Likita ta yi bayani, ta yi lallashi, har ta ɗan yi faɗa. Ya saurara da ladabi, ya sake sa mata albarka, ya tambaye ta mutanen gida. Auta ta juya kan Kafinta, ya ce shi aiki aka ba shi. Ta yi barazanar ɗauko guduma ta fasa katakon, uban ya ce in ta taɓa ƙusa ɗaya kar ta ƙara tako masa gida. Ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba, ta fita tana share hawaye.

Mutanen unguwa kuwa, da labari ya bazu, sai suka mai da ɗakin wurin kallo. Birkila ba ya ganin fuskar kowa, da takalmi yake gane baƙi, ya gaishe da kowa daidai matsayinsa. Kuma kar ka zaci dariya suke zuwa yi. Yawancinsu yabawa suke, suna cewa ai wannan shi ne bin ƙa'ida, likitocin yanzu komai gaggawa, so suke ka tashi a ba wani gadon. Mai shagon bakin layi, wanda gwiwa ke damunsa, har ya ja Kafinta gefe ya tambaye shi ko ana yin na ƙafa. Kowa ya yaba ya tafi gidansa da ƙafafunsa.

Matar ce kaɗai ke ganin abin da ke faruwa, don ita ke goge masa jiki. A kwana na goma ta kama ƙwaurinsa, wanda da in ka taɓa kamar ka taɓa icce, ta ji naman yana lilo a hannunta. Tsoro ya kama ta sosai.

"Malam, ƙafar nan ta fara tafiya fa. Ko zama ne ka tashi ka yi, ba wanda zai sani."

"Zubin zai sani."

"To ni na daina zuba ruwan."

Da yamma ta shigo ta same shi ya miƙa hannu ta ƙarƙashin katako yana laluben butar, fuska ta yi jawur, saura kaɗan ya kai. A idonsa ta ga ba taurin kai kaɗai ba ne, mutumin tsoro yake ji, ya gaskata har zuciyarsa cewa in ya tashi abin zai rufto a cikinsa. Ta karɓi butar ta zuba masa. Shekara arba'in da uku tana yi masa abin da ya ce, ba ta san ta inda ake fara ƙi ba.

Ranar da layin alli ya cika ashirin da ɗaya, tun da hantsi ɗakin ya cika. Birkila ya sa an yi masa aski a kwance, an ɗauko masa rigar fita. Daga inda yake ya riƙa ba da umarni: a fara da sandunan hagu, a bi ƙusa a hankali, kar a fizga. Kafinta ya zare katako na ƙarshe ya jingine a bango. Aka juyo da shi, aka zaunar, ɗakin ya yi masa juyi biyu sannan ya tsaya. Ya motsa kafaɗa. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Baya shiru, ko ɗis.

"Kun gani?" ya ce, yana neman idon Auta a cikin mutane. "Abu in an ba shi haƙƙinsa."

Mai shago ya fara tafi. Birkila ya ture hannun da Kafinta ya miƙo masa, ya dafa gado, ya miƙe.

Bai kai ga tsayuwa ba gwiwoyin suka naɗe. Auta da Kafinta suka tare shi, amma duk da haka sai da ya kai ƙasa. Ya ce jiri ne, a sake shi. Ya kama ƙafar gado ya yunƙura, hannuwan suka ja, ƙafafun suka ƙi bi. Ya sake, ya sake. A yunƙuri na huɗu mai shago ya tuna ya bar shago a buɗe, sauran ma kowa ya tuna abin da ya bari, ɗakin ya koma su huɗu.

Yana zaune a kan layukan allinsa ya ɗaga kai. Duk rayuwarsa in aiki ya ɓaci akwai wanda ya ɓata shi, kuma bai taɓa kasa gano shi ba.

"Ke, kin taɓa tsallake ruwa?" ya ce wa matarsa.

"Ko sau ɗaya, Malam."

"Kafinta, katakon ya motsa?"

"Ko gashi bai motsa ba."

"Kwanakin fa? Ko na yi kuskuren ƙirga?"

"Ashirin da ɗaya ne cif, Baba," in ji Auta.

Ya daɗe yana kallon ƙafafun, sun miƙe a gabansa sirara kamar na aro.

"Wato an yi yadda na ce ke nan," ya faɗa a hankali.

A asibiti sabon hoto ya nuna haɗin yana nan daram inda aka sa shi, kamar yadda yake tun awar farko. Likita ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma wannan ya fi masa ciwo, don ya zo da shirin a yi masa faɗa ya samu abin mayarwa. Ta rubuta masa motsa jiki, ta sa aka ba shi ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ya tambaye ta yaushe zai hau tsani. Ta ce su fara da ƙofar gida tukuna.

Wata huɗu ke nan yanzu. Ƙafar dama ta ɗan dawo, ta hagu sai jan ta yake. Daga bakin gadonsa zuwa ƙofar gida akwai wani siririn lungu, kullum bayan ya karya sai matar ta tasa shi ya bi shi, ita tana gefen hagu, hannunta a bayansa ba ta taɓa shi ba. Wani lokaci ya kai, wani lokaci a kawo masa kujera a rabin hanya.

Ran nan suna tsakiyar lungun aka yi sallama a waje. Wani ɗan kwangila ne da ya daɗe ba ya gari, bai ji labari ba. Daga bakin ƙofa ya ɗaga murya ya ce Baba yake nema, gobe za su yi zubi, yana so ya zo ya hau ya duba musu katako da rodi, minti biyar kawai, ga mota ya zo da ita.

Birkila ya ƙanƙame ƙarfen. Ya yi ƙasa da murya ya ce wa matarsa, "Ce masa ba na nan."

Ta dube shi. Sannan ta juya wajen ƙofa ta ce da ƙarfi, "Yana nan! Ga shi nan zuwa, ka jira shi."

Ya zuba mata ido, ita ma ba ta kawar da nata ba. Babu hanyar komawa ba tare da an ji ƙarar ƙarfen ba, don haka ya ɗaga shi ya ajiye a gaba, ya ja ta dama, ya janyo ta hagu. Taku tara ne suka rage, kuma mutumin da ke waje ya ji kowane ɗaya daga cikinsu. Da Birkila ya iso rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ɗan kwangila ya dubi ƙarfen, ya dubi ƙafafun, ya shiga gaisuwa yana maimaitawa don ya rasa ta cewa.

"Hawa nawa ne?" in ji Birkila.

"Uku ne, Baba."

Ya dubi motar da ke jira a bakin layi da ƙofarta a buɗe.

"Ka nemi wani," ya ce.

Ya jira har motar ta tashi kafin ya fara juya ƙarfen. Lungun ya yi masa ƙunci, sai da ya yi juyin sau uku, matar tana riƙe da labulen ƙofa har ya gama.